Hannun da Kaka Take Karɓa

A unguwar Karantina mutane suna ce mana 'yan fitila. Mu kuwa ba ma kiran kanmu komai sai jama'a. Gidaje ne 'yan kaɗan a ƙarshen wani lungu, ƙofa ɗaya ta katako ta haɗa su, duk zuriyar waɗanda suka taso da ƙafa daga ƙasar Hausa tare da wani malami, suka ratsa Sudan, suka tsallako teku, suka yi aikin hajji suka zauna. Malamin ya rasu tun kafin a haifi Ummata, amma abin da ya bari yana nan daram: ba lantarki, ba rediyo, ba keken ɗinki, ba hoto. Maƙwabta suna shan ruwan firji, mu muna goge gilashin fitila da toka. A zafin Jidda, inda mutum yake fitowa daga wanka yana zufa, mafici ne namu, sai rufin ɗaki idan rana ta yi sanyi.

Ba zan yi ƙarya in ce wahala kaɗai na sani a can ba. Ban taɓa cin abinci ni kaɗai ba a gidan nan. Duk ɗakin da yunwa ta kama ni, nan zan zauna a miƙo min kwano. Mata suna zama a inuwar tsakar gida suna ɗinkin hula da hannu, maza su kai kasuwar Bab Makka su sayar wa alhazai. Kakata, mahaifiyar Umma, ita ce mai zana huluna, kuma ta fi kowa faɗa. Idan allurar wata ta karkace, ba ta magana, warware ɗinkin kawai take yi ta mayar mata a cinya. Ni ce mai zura mata zare saboda idona ya fi nata, ladana kuwa ƙanzon shinkafa. Har yau idan na ji warin kananzir sai in ji kamar ana shirin kirana cin tuwo.

Hoto ne ya fitar da mu. Babana ya gaji da guje-guje duk lokacin da aka ce ana duba takardu, kuma ya ƙudurta sai na shiga makaranta. Wani mai shagon yadi ya yarda ya zama kafilinsa, wato mai tsaya masa wajen hukuma, amma iƙama, takardar izinin zama, ba ta yiwuwa ba hoto. Ya je aka ɗauka. Bai ɓoye ba, da bakinsa ya faɗa wa dattawa. Suka ce ya fita. Suka kira Umma suka ce ta zaɓa, ko ta zauna a raba auren, ko ta bi shi. Ta bi shi. Ni ba wanda ya tambaye ni, hannuna aka kama, ina waiwaye ina tambayar wa zai zura wa Kaka zare.

Hukuncin wanda ya fita ba zagi a cikinsa, ba duka. Ana amsa sallamarsa. Amma ba a karɓar komai daga hannunsa, ba a cin abin da ya zuba, kuma ba a bari ya taɓa jikin mutum. Shi ke nan. Wanda bai gani ba zai ce abu ne mai sauƙi.

Mun koma unguwar Aziziyya, wani bene, hawa na biyu. Ni cikin wata ɗaya na saba, har na fi 'yan ajinmu zaman gaban talabijin. Umma ce abin ya ɗauka shekaru. Ta daɗe tana neman tsari kafin ta taɓa makunnin wuta. Injin wanki Baba ya saya mata, ta shimfiɗa masa zani ta ɗora tukwane a kai. Kuma duk Juma'a bayan la'asar sai ta ja ni mu shiga mota har Karantina, mu tsaya a bakin lungun nan kusa da mai sayar da gawayi. Ba ma shiga. Can sai ƙofar katako ta buɗe, Kaka ta fito da kwanon ruwa ta watsa a ƙasa, ta dube mu, ta koma. Gaisuwar ke nan. Umma ita kaɗai ta rage mata cikin duk 'ya'yan da ta haifa.

Da na girma na daina zuwa. Na ce, "Umma, wallahi ba zan iya wannan tsayuwar ba. Mu biya kuɗin mota mu je kallon tsohuwa tana zubar da ruwa?"

Ta ce, "Ba wanda ya ce dole."

Ta ci gaba da zuwa ita kaɗai.

Lokacin da rusau ya iso Karantina na riga na gama sakandare, ina aiki da yamma a wani shagon turare. Jama'a ta watse kamar yadda kowa ya watse, wasu gefen Makka, wasu can bayan gari, kowa ya bi inda ya sami ɗaki. Kaka kuwa ɓarin jikinta na hagu ya riga ya shanye, ba ta tashi sai an ɗaga ta. Wani dattijo ya aiko wa Baba cewa ba su da inda za su kai ta, amma akwai mafita: yaron da aka fita da shi kafin ya mallaki hankalinsa ba shi ya fita ba, fitar da shi aka yi. Saboda haka hannuna ni halal ne.

Ni na je na ɗauko ta. Na tarar da ita zaune a kan ƙullin kayanta, bangon maƙwabta duk a ƙasa, ƙura ta yi mata fari a gira. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Wannan dogayen ƙafafu na ubanki ne."

"Sannu Kaka. Yalla, mu tafi, mai mota yana jira."

"Ji baki. Ko gaisuwa ba a koya miki ba."

Ba ta fi buhun shinkafa ƙarami nauyi ba. A hannu na hau da ita bene. Umma tana tsaye a ƙofa ta sa hannuwanta biyu a bayanta ta riƙe, kamar mai tsoron kada su tafi da kansu.

Daga ranar na zama hannu. Umma ta dafa, ni in zuba in kai. Kaka ta ce wuta tana tsarkake abin da ta dafa, hannun da ya zuba shi ake dubawa. Umma ta wanke zani ta goge, ni in ɗauka in miƙa. Umma ta dama kunu, ta tsaya a bakin ƙofa tana cewa, "Ki hura mata, da zafi," Kaka kuma daga ciki ta ce, "Ki ce wa uwarki tsamiyar ta yi yawa." Tsakaninsu bai fi taku uku ba, kowa tana jin kowa.

Na ce, "Ai ta ji ki."

"Ke na ce ki faɗa mata."

"Umma, an ce tsamiya ta yi yawa."

"Ki ce mata gobe zan rage."

"Kaka, halas, ya isa haka, kin ji da kunnenki, ni ba waya ba ce."

Magana da wanda ya fita ba a hana ba, wannan ƙari ne na Kaka. Daga baya na gane dalilinsa: idan ta yi wa Umma magana kai tsaye muryarta rawa take yi, ita kuwa ba ta son a ji.

A ɗakinta ba a kunna wuta. Baba ya yi yawo kafin ya samo mata fitilar ƙwai a wajen masu tsofaffin kaya. Mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ta ce kada a kuskura. Amma da rana sai ta ce in bar ƙofa a buɗe, sanyin falo yana shigowa, ta gyara kwanciya ta ce, "Ni dai ban kunna ba."

Na ce, "Tsohuwa, kin iya sata."

Ta ce, "Mara kunya. Zo ki juya ni."

Na gaji, ba zan ɓoye ba. Wanka ni, kai ta bayi ni, shafa mata man zafi ni. Sai na dawo daga aiki take cin abincin dare, ko da Umma tana zaune da tukunya a gabanta tun magariba. Amma gajiyata ba komai ba ce a kan abin da nake gani a fuskar Umma. Wata rana ina taje wa Kaka kai, na ɗaga ido na ga Umma a ƙofa, yatsunta suna motsi a kan zaninta, tana kitsa iska. Ta ce a hankali, "Ba haka take so ba, daga ƙeya ake farawa." Na miƙa mata matajin na ce to zo ki yi. Ta juya ta koma kicin.

Muna cikin haka baƙi suka zo, wata safiya da hantsi. Tsofaffi biyu ne daga jama'a, sa'annin Kaka, ɗaya doguwa mai kaifin murya, ɗaya gajeriya da ba ta cika magana ba. Sun sha wahala kafin su gano gidan. Sun hau benen suna haki, fararen mayafansu sun yi jirwaye da zufa. Umma ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Sannunku da zuwa, Gwaggo." Suka amsa da kyau, suna janye gefen zaninsu kada ya shafe ta. Ni na kai musu ruwa suka karɓa suka shanye tas, na ƙaro.

Kaka ta yi murna irin wadda ban taɓa gani ba. Suka yi ta lissafin mutane: wance tana ina, wane ya rasu, jikan wane ya shiga aikin wankin mota. Gajeriyar ta ce su mata da yawa ne a ɗaki guda can bayan gari, ruwa sai an saya a tanka, kuma ba inuwar da za a zauna a yi ɗinki. Ta ce, "Fitila ma mai gidan ya hana, wai za mu ƙona masa gini. A duhu muke zama." Na ji tausayinsu, wallahi na ji.

Sai wayata ta yi ƙara a kan tabarma. Fuskarta ta haska, ga hotona a kai ɓaro-ɓaro, ina dariya a bakin teku. Doguwar ta sunkuya ta duba. Ta daɗe tana dubawa.

"'Yar nan, wace ce wannan?"

"Ni ce, Iya."

"Dole aka yi miki?"

Da na ce dole ne, na makaranta ne ko na takarda, ƙila da an sami yadda aka yi. Umma tana ta ƙifta min ido daga ƙofa. Amma hoton bakin teku ne, kowa yana gani.

Na ce, "Ni na ɗauka da hannuna. Akwai wasu ma sun fi wannan kyau."

Ta gyara zama ta dubi Kaka. Ba da mugunta ta yi maganar ba, har muryarta ta sauka. Ta ce yarinya ta girma, ta san dama da hagu, ta zaɓa. Wanda aka fitar ya zama wanda ya fita. Abin da ya wuce an yi shi cikin rashin sani, Allah ya yafe, amma daga yau hannun nan ba na karɓa ba ne. Ta ture kofin ruwan da ke gabanta gefe.

Na ce, "Ruwan da kika sha fa, Iya? Mayar da shi za ki yi?"

Umma ta daka min tsawa. Ban yi shiru ba. Na ce, "To ku faɗa min wa zai ɗaga ta? Wa zai kai ta bayi? Ku da ko benen nan da ƙyar kuka hau?"

Doguwar ta ce za su nemi mota su dawo jibi su tafi da ita, a matsa a yi mata wuri. Sannan ta dafa gwiwar Kaka ta ce, "Yaya, kin fi mu sani. Ke kika yi wa matan jama'a duka wankan gawa, tun daga uwata. Wadda ta karɓa da saninta ta bi waɗanda suka fita, kuma wadda ta bi su ba mu wanke ta. Kada ki bari a ƙarshen kwananki a kai ki hannun waɗanda ba su san sunanki ba."

Gajeriyar tana kuka har suka sauka.

Abincin rana ya nuna, na zuba na kai kamar kullum. Kaka ta kau da kai. Na ajiye a gabanta na ce ga shi nan a ƙasa, ba a hannuna yake ba. Ta ce, "Wa ya zuba?" Na fita da shi. Aka kira azahar, ta shafa bango ta yi taimama ta yi sallarta a zaune. Tun safe ba ta zaga ba, na san a matse take, ina ganin yadda take cije leɓe. Na miƙa hannu zan ɗaga ta, ta ce, "Kul."

Na sami Umma a kicin na ce, "Jibi fa suka ce. Haka za ta zauna har jibi? Kuma idan sun tafi da ita, wata guda ba za ta yi a ɗakinsu can ba, kin sani na sani."

Umma ta ce, "Ki rage murya."

"Ba zan rage ba. Uwarki ce. Ki shiga ki ɗaga ta, ta yi ihun ta gama."

"Ba zan taɓa ta da ƙarfi ba. Abin da ya rage mata ke nan, ba ni zan ƙwace ba."

Na buga wa mai shago na ce yau ba zan zo ba. Umma ta ɗauko tabarma ta shimfiɗa a bakin ƙofar ɗakin Kaka, daga waje, ta zauna. Ba ta roƙe ta ba, ba ta yi kuka ba. Ni ina falo ina kai da kawowa kamar zan fasa bango. Aka kira la'asar. Rana ta sauko ta shigo ta taga ta kwanta a kan ƙafafun Kaka, ta fara ja.

Sai na ji muryar Kaka, kuma ba da ni take ba.

"Ke."

Umma ta ɗaga kai. "Na'am, Inna."

"In na mutu a gidan nan, wa zai wanke ni?"

"Ni."

"Kin iya?"

"Ban iya ba."

"Ina za ki iya. Kin tafi kafin in koya miki." Ta dubi hannunta mai lafiya. "Waɗancan ma ni na koya musu, kuma har yau doguwar nan ba ta iya matse kai ba, sai ta bar mutum da ruwa a kunne."

Ba wanda ya yi dariya. Na tsaya cak a bayan Umma.

Kaka ta ce, "Akwai garin magarya a gidan nan?"

Umma ta ce akwai, tana wanke kai da shi.

"Ɗauko. Da roba babba, da buta, da tsumma mai tsabta. Ruwan kada ya yi zafi, kada ya yi sanyi, ki gwada da gwiwar hannu. Mamaci yana jin abin da mai rai yake ji, faɗa ne kawai ba ya iyawa."

Umma ta tashi har tana tuntuɓe da tabarma. Na bi ta zan taya ta, ta ce in bari. Ta kawo kayan ta ajiye a tsakar ɗakin. Rabonta da tsallake wannan dokin ƙofar Kaka tana ciki, tun ranar da na hau da ita bene. Ta durƙusa, ta sake mayar da hannuwanta baya.

Kaka ta ce, "Da baya za ki wanke ni? Kawo su nan. Farko za ki kai ni in zaga, don ita ma gawa sai an tsarkake ta kafin komai. Sa hannunki a ƙarƙashin hammatata. Ba nan ba, ɓarin da ya mutu ake tallafa."

Umma ta sa hannu. Na ga Kaka ta rufe ido. Umma ta ɗaga ta, suka tafi a hankali, kan Kaka a jikin wuyanta. Da suka dawo ta zaunar da ita kusa da robar, ta tsuguna tana share fuska da gefen mayafi.

"Ba a kuka a kan wanka, hawaye ba ya taɓa mamaci. In za ki yi, ki gama tukuna. Naɗe tsumman a hannunki. Ki yi niyya a zuci. Abin da kika gani a jikin mutum, ke da Allah, ko mijinki ba ya ji. Sai alwala, irin ta salla, wannan ma ta ishe ni la'asar kafin rana ta faɗi."

Ta miƙa mata hannun dama, tafin a buɗe. Umma ta karɓa da hannu biyu ta fara zuba ruwa.

"Hannunki da nauyi, kamar mai wankin tukunya. Sassauta."

"To, Inna."

Sai Kaka ta hango ni a ƙofa, na yi tsaye baki buɗe.

"Ke kuma me kike jira? Ba a kallon wanka. Fita ki ja mana ƙofa."

Na ce, "Yau kuma ni ake kora?"

"Fita, mai hoto."

Na ja ƙofar na zauna a ƙasa na jingina da ita. Ina jin ruwa yana zuba a roba, ina jin muryar Kaka tana cewa a bi tsakanin yatsu, a wanke har gwiwar hannu, dama tukuna, dama tukuna, sannan hagu.